Inuwar Kukar Malam Haliru

Abubuwa da yawa na aikin nan sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar da Oga ya aiko a kira ni daga gindin dalbejiyar ofis ba. Wata Talata ce a ƙarshen damina, ina cikin shekarata ta goma sha tara da fara gadin daji. An ce kowane tsohon ma'aikaci ya rubuta wa sababbin da aka ɗauka bana wani abu da zai amfane su. Ni ba marubuci ba ne, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara da bironsa, shi da ya yi difloma.

Bari in fara da bayanin aikin, don akwai masu zaton barci muke zuwa yi a inuwa. Mai gadin daji shi ne matakalar ƙarshe a tsani. A samansa akwai renja, a saman renja akwai ofisan daji, wanda muke kira Oga. Kowane mai gadi ana yanka masa yankinsa a gandun gwamnati. Zai zagaya iyaka ya duba duwatsun siminti da aka kafa tun zamanin Turawa, ko an tumɓuke wani. In ciyawa ta fara bushewa zai share layin iyaka don kada gobara ta tsallaka. Ba a sara, ba a noma, ba a ɗiban komai a ciki sai da takardar izini daga ofis. Aikin ke nan. A mataki na huɗu na albashi aka ɗauke ni, a nan kuma aka manta da ni. Ogan da ya aiko kirana ranar, ni na koya masa bambanta itacen marke da na ƙirya lokacin da ya zo da sabon takalmi.

Na shiga na tarar da baƙo. Farar shadda, tabarau, ƙafa kamar ba ta taɓa sanin ƙaiƙayi ba. A kan tebur an buɗe wani tsohon fayil da gara ta ci gefensa.

Oga ya ce, "Garba, ga babban baƙo. Dakta Nasiru na, ɗan Tambuwal, gidan malamai. Ya daɗe shina aikin asibiti Amurka. Jikan Malam Haliru na. Shina son ganin Tsohuwar Tunga."

Na ji sunan kamar na taka ƙaya, amma na gaishe shi yadda ya kamata.

Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Da bakinsa ya yi mini bayani. Kakansa Malam Haliru shi ne marubucin hakimin wancan zamani. A gidansu an taso da labarin cewa lokacin da Turawa suka shata gandun daji, Malam ne ya ja mutanen Tunga daga cikin ƙungurmin daji mai sauro da ciwo, ya kai su sabon wuri kusa da hanyar Fakku, inda yanzu ake kira Sabuwar Tunga. Shi Dakta ya zo ne ya bi sawun kakansa. Yana kuma son ya haƙa wa Sabuwar Tunga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sadaka mai gudana, a kafa allo da sunan Malam a jikinta. Har an sassaƙa allon, yana bayan motarsa.

Ya jawo wata takarda daga fayil ɗin da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri. Rubutun ajami ne, tawada ta koma ja. A sama an rubuta cewa magidantan Tunga sun yarda da ransu su tashi. A ƙasa sunaye ne a jere, kowane da dangwalen yatsa a gefensa.

Ya ce, "Hannun kakana ne, Malam Garba. Na san shi daga littattafansa. Dubi yadda yake jan wasali."

Na duba. Na ga sunan kakana na wajen uwa a layi na shida.

Oga ya rako ni waje ya riƙe mini hannun riga. "Na san kai ɗan Sabuwar Tunga na, na kuma san bakinka. Ka kai shi, ka nuna mai itatuwa, ka maido shi. Matanku na tafiyar rabin wuni neman ruwa da rani. In ka ɓata mai rai ya fasa rijiyar ga, kai za ka yi masu bayani."

Na ce, "Ranka shi daɗe, yaushe na taɓa magana?"

Ya ce, "Kullum."

To a nan sai na koma baya kaɗan, don wanda ba ɗan ƙasar ba ne ya gane.

Kakata Ige ce ta rene ni. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran Sabuwar Tunga gida ba, masauki take cewa. In tana kaɗa miya sai ta riƙa yawo da ni cikin tsohon garin da baki. Ka fito ƙofarmu ka yi gabas, ga rijiya mai ruwan sanyi kamar na randa. Ka zagaya, ga marina. Ga gidan maƙera, inda akwai wani kare mai ido ɗaya. Ta kan lumshe ido tana faɗa, muciya na tafiya ita kaɗai a hannunta. Na san garin lungu-lungu tun ban taɓa taka shi ba. Ranar da aka ba ni aiki aka nuna mini yankina a taswira, na ce duniya ta iya ba'a. An ba ni kaki in hana dangina shiga garin kakata.

Sai dai akwai wani abu da ba ya cikin littafin doka. A ƙasarmu gona daban, itace daban. Ana iya karɓe maka ƙasa, amma kukar da kakanka ya dasa taka ce, ko da a tsakar gidan wani ta tsaya. Kowane gida a Tsohuwar Tunga ya bar kukarsa a can, kuma kowace tana amsa sunan gidanta har yau. Shekara-shekara, Asabar ɗaya a ƙarshen damina in ganye ya ƙosa, Sabuwar Tunga kan taso gaba ɗaya ta shiga gandu, kowa ya ɗebi ganyen kukar gidansu na miyar shekara. Ba takarda, ba izini. Ranar, mai gadin yankin yakan sami ta'aziyya a Jabo, ko babur ɗinsa ya yi faci. Haka na gada daga wanda na karɓa a hannunsa, shi ma haka ya gada. Kowane Oga ya sani, ba kuma wanda ya taɓa sani.

Oga ya ce mu tafi Alhamis. Na ce ƙorama ta cika, sai Asabar. Ƙarya nake. Na san Asabar ɗin ce ranar ganye. Kada wani ya ce jarumta ce ta sa ni. Na yi alkawari ba zan yi magana ba, kuma ban yi niyyar yi ba. So nake in kai mai farar shaddar nan gaban waɗanda ba su yi wa kowa alkawari ba, in tsaya gefe in sha kallo. Ban ma tsaya na yi tunanin matan da ke ɗaukar jarka da rani ba. Zuciya in ta daɗe tana tsami haka take.

Asabar da hantsi muka bar ofishinmu na Kebbe a babur ɗina, don motarsa ba za ta iya hanyar ba. Wannan kafin daji ya lalace ne, lokacin da abin tsoro a ciki bai wuce maciji ba. Ya sa wando da riga irin na Turawa, ya rataya jaka da darduma. A hanya yake ba ni labarin abin da ya taso shi.

Ya ce a asibitin da yake aiki akwai wata ma'aikaciyar jinya, 'yar wata ƙabila ta asalin mutanen ƙasar can, Ceroki. Sai da na sa ya maimaita sunan. Ya ce da can gwamnati ta tashe su daga ƙasarsu ta gado, aka kora su yamma a tafiya mai nisan gaske, da yawa suka mutu a hanya. Matar ta yi shekaru tana bin tsofaffin takardu tana neman sunan wani kakanta. Da ta same shi, sai ta tarar yana cikin 'yan ƙalilan na ƙabilar da suka sa hannu a takardar tashin.

"Ta zo aiki da jan ido kwana uku. Na ba ta haƙuri, har na ce mata ni kakana ya raka mutane ƙaura, amma shi da alheri ya yi. Sai ta tambaye ni, wa ya gaya maka? Na ce gidanmu. Ta ce, su waɗanda aka raka fa, me suka ce? Ka san, Malam Garba, ban da amsa."

Na ce, "Riƙe da kyau Dakta, akwai rami."

Inda hanya ta ƙare muka jingine babur muka shiga da ƙafa. Gamba ta fi mu tsawo, raɓa ba ta gama bushewa ba, tana jiƙa mu har wuya. Mun yi tafiya kamar rabin sa'a ba ma ganin komai sai kore a gaba da shuɗi a sama. Sannan ciyawa ta buɗe.

Ban san yadda zan kwatanta muku kufan nan ba. Ba bango ko ɗaya a tsaye. Tudun ƙasa ne ƙanana a zagaye, inda ɗakuna suka narke suka kwanta. Duwatsun niƙa sun nutse rabi, ruwan sama ya taru a cikinsu, tsuntsaye na sha. Ramukan marina sun cika, in ka leƙa sai ka ga gajimare na wucewa a ƙasa. A bakin rijiya, dutsen yana nan da zanen da igiyar guga ta ci a jikinsa, ka sa yatsa ka ji santsi. A kan duk wannan kukoki ke tsaye, masu kauri, masu toka-toka, kamar dattawa da aka ce su jira a dawo.

In na zo sintiri ni kaɗai da rana tsaka, nakan kwanta a gindin kukar gidanmu in ɗora hula a fuska. Ba a jimawa sai in fara jin daka daga nesa, lugude sosai, taɓarya biyu na amsa wa juna. Na san iska ce ke shiga kogon itace. Amma sau da yawa na ji har da ƙamshin hayaƙin kara, na kuma ji kamar in na ɗaga hular zan ga wata yarinya ta wuce da tulu, mai kama da Ige kafin ta tsufa. Ban taɓa ɗagawa da wuri ba.

Ranar ba sai na rufe ido ba. Garin a cike yake. Maza na kan kukoki, sun hau ta turakun da aka kakkafa a jikinsu, suna saro rassa. Mata na ƙasa suna tsige ganye a kan zannuwa. Kowane iyali na zaune a tudun gidansu. Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne tafiyarsu. Fili ne fetal, amma ba mai yanke hanya. Mace za ta tashi za ta gidan maƙwabta, taku biyar ne in ta miƙe, amma sai ta fita ta inda ƙofa take a da, ta bi lungun da babu shi, ta tsaya a wani wuri da ba komai sai ciyawa, ta yi sallama. Sai an amsa ta shiga.

Dakta bai sani ba, ya taka wani tudu ya wuce. Wata mata ta ɗago kai ta ce, "Kai baƙo, ɗakin kwanan mutane kash shiga ba sallama!" Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ya koma da baya ya yi sallama, aka ce ya shigo. Suka kalle ni da kakina a ranar da ya kamata ina Jabo wurin ta'aziyya, suka kau da kai. Ba wanda ya tambayi sunan baƙon, ni kuma ban faɗa ba.

Kukar da ake ɗiba duk shekara ba ta da kyan gani. Rassanta guntaye ne, kamar hannun da aka dunƙule. Duk na garin haka suke, sai guda ɗaya a tsakiya. Ita ba turke ko ɗaya a jikinta. Rassanta sun bazu sun sunkuyo har suna neman taɓa ƙasa, ganye ya yi duhu, 'ya'yan bara da na bara waccan na lilo ba wanda ya tsinka. Inuwarta ta isa kasuwar ƙauye.

Ya tsaya yana kallonta. "Wannan fa, Malam Garba?"

Na ce, "Kukar Malam Haliru ake ce mata. A gindinta ya zauna ya yi rubutun nan da ka nuna mini. Tun ranar ba a taɓa ta."

Kowace kalma gaskiya ce. Na cika wa Oga alkawari.

Ya cire tabarau ya share ido. "Allahu akbar. A gidanmu ma haka ne. Buzunsa na rataye, ba mai zama a kai. Ƙoƙon alwalarsa ba mai sha da shi. Ashe har nan."

Kun ga kuskuren. Ba wauta ba ce. Wanda ya tashi a gidan malamai, in ya ga an bar abu ba a taɓawa, girmamawa kawai zai gani, don ita ya sani.

Ya tuɓe takalmi ya shiga inuwar, ya shimfiɗa darduma a gindin itacen. Sannan ya ɗaga murya, murya mai daɗi irin ta masu karatu. "Jama'a, ni jikan Malam Haliru ne. Don Allah ku zo mu yi masa addu'a a inda ya zauna."

Sara ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya maza suka sauko, mata suka kakkaɓe zannuwa. Suka taho a hankali ta lungunansu. Suka zo har bakin inuwar, daidai inda duhunta ya ƙare, suka tsaya. Rana ta take, tana dukan kawunansu, ga sanyi taku ɗaya a gabansu. Wata mata ta ja 'yarta baya da ta ga ƙafarta ta shiga. Suka zagaye shi, shi a inuwa shi kaɗai, su a rana.

Ya ce, "Ku shigo mana, akwai wuri."

Sai aka buɗa wa Inna Tumba hanya. Ita ce ta rage cikin waɗanda suka ga tashin da idonsu. A jaki ake kawo ta duk shekara. Ta dogara sanda ta zauna a kan wani dutsen niƙa, a rana.

Ta ce, "Ɗan nan, matso in gane ka. Ba ni shiga nan."

Ya matso da dardumarsa har bakin inuwa ya durƙusa. "Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Goshin Malam gare ka. Mi kaz zo nema?"

Ya gaya mata duka, har da rijiyar da allon. Ya fito da hoton takardar a wayarsa ya karanta mata layin farko, inda aka ce magidanta sun yarda da ransu.

Ta ce, "Haka anka rubuta?"

"Haka, Inna. Ga yatsun iyayenku."

"To ba haka yak karanta muna ba. Ina nan, ina goye da ƙanena, bayan babana nike tsaye. Cewa yay yi Bature na son sunan kowa don a san mai gona, kada a haɗa da gandu. Wanda duk yad dangwala, gonatai ta tsira. Har rige-rige anka yi. Garin ga dut ba mai karatun takarda sai shi. Shi ka raɗa muna suna, shi ka wanke muna gawa. In bai faɗi gaskiya ba, wa za mu tambaya?"

Dakta ya mai da wayar aljihu. Ta ci gaba.

"Kwana tara anka zo da dogarai. Gero ya yi kai, saura kaɗan a yanka. Munka bar shi tsaye, birai sunka ci. Inda anka kai mu ba rijiya. Rani na farko, ƙanen nan nawa da nika goyo, shi da yara da yawa, ba su ga damina ba."

Ya ce a hankali, "A gida an ce ya raka ku."

"Ya raka mu. Ƙasa yat taka, ya ba uwata jakinai don tana da ciki. Yaran da sunka mutu, shi yay yi musu salla, hawaye na zuba ga gemunai. Kowace shekara shina aiko muna da hatsi har yam mutu. Ba ni yi mai ƙarya, kabari na jirana. Mutum na mai tausai. Babana ya tambaye shi, Malam don mi? Yac ce, ku yi haƙuri, an sa ni na, in ban rubuta ba wani za ya rubuta."

Ta gyara zaman sandarta. "Mun ci hatsinai. Amma iyayenmu sunka ce inuwar da anka yaudare mu cikinta, mu da ita har abada. Ba zagi, ba tsinuwa. Ba mu dai shiga."

Wata kurciya na ta kuka a cikin rassan. Ni kuwa ina gefe, na harɗe hannu, ina jin wani daɗi mai ɗaci na sauka mini a ƙirji. Sai a lokacin maganar Oga ta faɗo mini. Na kalli matan da ke tsaye a rana, na tuna jarkoki. Mutumin nan zai naɗe dardumarsa ya koma Amurka, ni na jawo.

Ya ɗago kai. "Inna, in na haƙa rijiyar na sa sunansa, ba za ku sha ba?"

Ta yi dariya, haƙori biyu. "Za mu sha mana. Mai ƙishi na zaɓe? Za mu sha, mu yi maka godiya, mu yi ta ganin sunan safe da marece. Kai ma ka rubuta muna abin da ba mu iya ƙi ke nan. Sai a ce ka gado."

Ban san lokacin da murmushi ya kuɓuce mini ba. Tsohuwar nan idonta ya yi rauni, amma ta gani.

"Kai kuma jikan Ige, mi kaka yi ma murmushi? Bara wa yar rubuta sunan Mamman ɗana, don ya sari itace biyu na rufin ɗaki bayan kabarin kakanai? Wa yab ba shi takarda yad dangwala, anka kai shi kotu? Na zo har gidanka. Mi kac ce mani?"

Jama'a duk suka juyo.

"Faɗi mana, baƙo shi ji."

Na ce, "Na ce ki yi haƙuri, Inna."

"Sai mi?"

"Na ce aiki na. In ban rubuta ba, renja za ya rubuta."

Ta ce, "To. Ku ɗauke ni, rana ta ishe ni."

Aka ɗora ta a jaki. Mutane suka koma kan itatuwansu, sara ya ci gaba. Aka bar mu mu biyu, shi a durƙushe a bakin inuwa, ni a tsaye da kaki. Can ya tashi ya naɗe darduma, ya ɗauki takalminsa a hannu, ya fito rana kafin ya sa. Muka hau babur muka koma Kebbe. Duk hanya bakin nan nawa da Oga ke tsoro bai buɗu ba.

An haƙa rijiyar da rani. Ba biki, ba yanka kirtani, ba allo. Masu aiki suka zo da motarsu suka yi kwana goma suka tafi. Mutane na kiranta Fanfo, shi ke nan sunanta. Na ji daga wani direba ɗan Tambuwal cewa abin bai yi wa Dakta sauƙi a gida ba. Yayansa, wanda ke riƙe da makarantar gidan, ya ce ya bar maganar wata tsohuwar ƙauye ta shafe sunan waliyyi, har ya daina amsa wayarsa. Ko sun shirya, ban sani ba. Bai sake zuwa ba, bai kuma aiko mini da ko gaisuwa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni kuwa na sami takardar tuhuma: me ya sa na kai baƙon ofis cikin gandu a ranar da mutane ke ɗiban ganye ba izini, ina tsaye ina kallo? Tambaya ce mai kyau. Na amsa da layi ɗaya, aka canja mini yanki zuwa can bakin iyaka, inda babur ke cin mai kamar rijiya. Kufan kuma yanzu ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga, ko mu masu kaki. Inna Tumba ta rasu. Na kan yi tunanin kukokin nan duk sun yi ganye sun bazu, ba a gane wadda aka ƙaurace wa da waɗanda ake so.

To ga abin da zan gaya muku, ku sababbi. Za ku haɗu da mugayen ma'aikata, masu zagi da karɓar na goro. Waɗannan da sauƙi, talaka ya san su, yana ganinsu yake ɓoye gatarinsa. Wanda ya fi ɓarna a aikinmu shi ne mai tausayi, ɗan gari, wanda ake miƙa masa yatsa ba a tambayi me aka rubuta ba. Don haka ake ɗaukar ɗan ƙasa aikin gadi, ba don ana son mu ba. Yawancin waɗanda za ku kama ba su iya karatu ba, kuma za su yarda da ku saboda sun san iyayenku.

Ban ajiye aiki ba, ina da iyali. Ina kamu har gobe. Abu ɗaya na canja. Duk takardar da na rubuta, sai na karanta wa mutum ita da ƙarfi, kalma-kalma, da Hausar da yake ji, har inda aka ce ya amsa laifinsa kuma za a kai shi kotu. Renja ya ce ina ɓata lokaci, kuma ina koya wa mutane taurin kai. Da gaskiyarsa. Watan jiya na kama wani dattijo da kayan itace, na zaunar da shi na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya kalli tawada, ya kalle ni, ya mai da hannunsa cikin aljihu. Na rubuta a ƙasa cewa an karanta masa, ya ƙi. Na sa hannuna ni kaɗai, na kai ofis.